Littattafan yara masu hotuna da labaran kimiyya na matasa: abin da ya raba kan masu karatu a Kano

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar janye tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga ajin farko. Shekara uku kafin nan, a Nuwamban 2022, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da akasin haka a lokacin da Malam Adamu Adamu yake riƙe da ma'aikatar, inda aka ce a koyar da yaro da harshen yankinsu har ya gama aji shida. Wannan kwan-gaba-kwan-baya ya bar iyaye da malamai da masu sayar da littattafai a Kano da wata tambaya wadda ba ta tsaya a aji ba: idan za a saya wa yaro littafin da zai karanta a gida don nishaɗi, wane iri za a saya masa, kuma da wane harshe? Nau'i biyu ne ra'ayi ya fi rabuwa a kansu, wato littattafan ƙananan yara masu hotuna da ƙagaggun labaran kimiyya na matasa. A zahiri kamar babu abin da ya haɗa su, amma ƙorafin da ake yi a kansu kusan iri ɗaya ne, kuma daga bakin mutane iri ɗaya yake fitowa.

Me ake nufi da kowane nau'i?

Littafin yara mai hotuna shi ne wanda zane da rubutu suke raba aikin ba da labari a tsakaninsu, ta yadda idan aka cire hoton sai labarin ya gurgunce. Shafi guda yana iya ɗaukar jimla ɗaya tak, ragowar bayanin kuwa yana fuskar yarinyar da aka zana, ko yana wajen akuyar da ta laɓe a bayan rumbu wadda rubutun bai ko ambata ba. An fi yin irinsa don yara 'yan shekara 3 zuwa 8, kuma an tsara shi ne bisa cewa babba zai karanta a bayyane, yaro yana kallo yana tambaya. Ya sha bamban da littafin koyon baƙaƙe na makaranta, inda ake ajiye hoton akwati kusa da harafin A don tunatarwa kawai. Da yawa daga cikin masu kushe littafin hotuna suna auna shi ne da ma'aunin littafin koyon baƙaƙe, shi ya sa suke ganin rubutunsa ya yi kaɗan.

Ƙagaggen labarin kimiyya kuwa hikaya ce da marubuci yake ginawa a kan tambayar me zai faru idan wata fasaha ta samu, ko idan wani yanayi na duniya ya sauya. Abin da ya raba shi da labaran almara da Bahaushe ya saba da su shi ne dalili. A almara, jarumi yana ɓacewa saboda ya sa layar zana, ko aljani ya ɗauke shi daga wannan birni zuwa wancan kafin ƙiftawar ido, kuma mai karatu ba ya neman ƙarin bayani. A labarin kimiyya dole ne marubuci ya jingina abin mamakin ga wata na'ura, ko wani magani, ko tauraron ɗan'adam, ko ƙirƙirarriyar basira, ya kuma yi biyayya ga ƙa'idar da ya gindaya har ƙarshen littafi. Na matasa shi ne wanda taurarinsa suke tsakanin shekara 13 zuwa 18, matsalolinsu kuma na wannan zangon rayuwa ne: makaranta, abota, takaddama da iyaye, da neman sanin inda mutum ya dosa.

Yadda aka zo nan

Rubutacciyar hikayar Hausa ta boko ta fara ne da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da littattafai biyar da aka buga a shekarun da suka biyo baya, cikinsu har da na Abubakar Imam da na Abubakar Tafawa Balewa. Makasudin gasar shi ne samar da abin karantawa ga waɗanda suka koyi boko, kuma yawancinsu yara ne da matasa. Ke nan tun asali mai karatu matashi aka yi wa wannan adabi. Daga baya Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya da ya biyo baya a 1966, suka ci gaba da buga littattafan da makarantu suke saye da yawa, wasunsu da zane-zane a ciki.

Akwai wani abu da ya kamata masu cewa labarin kimiyya baƙo ne ga Hausa su yi la'akari da shi. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya fara taka wata, NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro da wata halitta daga wata duniya ta ɗauka zuwa sararin samaniya. Ɗalibai sun karanta shi a makarantu, kuma har yanzu akwai dattawa da suke tuna shi. Abin da ya faru shi ne ba a ɗora a kan wannan harsashi ba yadda ya kamata.

Dalilin hakan yana cikin sauyin da kasuwar littafi ta yi a shekarun 1980. Da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, gwamnatoci suka rage sayen littattafai, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari da Kurmi da sauran wurare. Wannan shi ne abin da masana suka kira adabin kasuwar Kano. Marubucin da ya sa kuɗinsa yana buƙatar ya mayar da su da wuri, don haka sai ya rubuta abin da mai kuɗi a hannu zai saya, mai kuɗin kuwa babba ne ko budurwa, abin da ya fi tafiya kuma shi ne soyayya da zaman aure, sai labaran yaƙi da aljanu. Yaro ɗan shekara biyar ba shi da ko kwabo, don haka babu wanda ya yi masa littafi.

Sannan ga zargin da ya biyo baya. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona littattafan hikaya da aka ce suna ɓata tarbiyyar ɗalibai. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko yana adawa da shi, ya bar wani tabo a zukatan iyaye da yawa, wato duk littafin da aka gani a hannun matashi, muddin ba na makaranta ko na addini ba ne, abin tuhuma ne har sai an tabbatar da akasin haka. Labarin kimiyya ya gaji wannan tuhuma ba tare da ya aikata komai ba.

Wa ake ji idan an ce ra'ayin masu karatu?

A nan ne ginshiƙin maganar yake. A littattafan manya, wanda ya saya shi ne ya karanta, shi ne kuma yake faɗin ra'ayinsa. A littattafan yara mutum uku ne daban: uba ko uwa su biya, malami ya ba da shawara, yaro ya karanta. Ra'ayin ɗan shekara huɗu ba ya wuce ya ce a sake karanta masa, ko ya ture littafin ya tafi wasa, kuma ba a rubuta wannan a ko'ina. Matashi yana da bakin magana, amma a tsakanin sa'o'insa yake yin ta, a makaranta ko a WhatsApp, inda iyaye da masu buga littafi ba sa ji. Saboda haka abin da ake kira ra'ayin masu karatu a wannan fage, mafi yawansa ra'ayin masu biyan kuɗi ne, kuma shi ne yake yanke hukuncin abin da za a buga.

Game da littafin hotuna, ƙorafin da aka fi ji daga iyaye shi ne na kuɗi da amfani. Uba zai ɗauki littafi mai shafi talatin da biyu, ya ga yaro zai gama shi cikin minti goma, farashinsa kuma ya fi na littafin lissafi da za a yi shekara ana amfani da shi, sai ya ce wannan ai duk hoto ne, ina karatun? Ba za a ce ƙorafin ba shi da tushe ba, musamman ga magidancin da yake da 'ya'ya da yawa a makaranta. Malaman nazare da firamare da suka yi aiki da irin waɗannan littattafai suna ba da amsa da cewa ba a karanta littafin hotuna sau ɗaya. Yaro yana komawa kansa har ya haddace, a nan ne yake gane cewa baƙaƙen da ke shafi su ne maganar da yake ji, cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, yana kuma tara kalmomin da ba ya ji a hirar gida. Suna ƙara da cewa a gidan da uwa ba ta yi boko ba, hoton yana ba ta damar zama da yaron ta ba shi labarin da bakinta, abin da littafin rubutu zalla ba zai ba ta ba.

Akwai kuma batun zanen mai rai. Wasu iyaye ba sa son shigar da littafi mai hoton mutane da dabbobi gida, bisa hadisan da suka yi gargaɗi a kan yin surar mai rai. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar wannan hani, kuma da yawansu sun sassauta a kan abin da aka yi don koyar da yara, suna kafa hujja da hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yar tsana. Wasu masu zane sun bi hanyar tsakiya, suna zana mutane ba tare da cikakkiyar fuska ba, ko da yake hakan yana rage wa littafin ƙarfi, domin a fuska ne yaro yake karanta tsoro da murna.

Ƙorafi na gaba ya shafi abin da aka zana ɗin. Yawancin littattafan hotuna da ake samu da sauƙi a Kano na gwanjo ne da aka shigo da su daga Ingila da Amurka, kuma suna cike da dusar ƙanƙara, da kare yana kwana a gadon yaro, da alade mai magana, da bukukuwan da ba na nan ba. Wasu iyaye, musamman masu 'ya'ya a makarantun kuɗi, suna ganin hakan buɗe ido ne da hanyar ƙwarewa a Ingilishi. Wasu kuma suna cewa yaron da bai taɓa ganin mai kama da shi a littafi ba, sanye da hula ko hijabi, a ƙofar gida irin tasu, zai tashi da tunanin cewa littafi abin wasu mutane ne. Ɓangarorin biyu ba su musanta juna kai tsaye ba, tun da masu ra'ayi na biyu ba su cika cewa a hana na waje ba. Kukansu shi ne na gida ya yi ƙaranci.

Muhawara a kan labarin kimiyya

Saɓani a kan labaran kimiyya na matasa ya fi zurfi, domin ya taɓa aƙida. Masu ɗari-ɗari da shi suna nuna wasu jigogi da suke yawan zuwa a irin waɗannan labarai na ƙasashen waje: masanin da ya ƙirƙiri rai a ɗakin gwaji, mutumin da ya koma zamanin da ya wuce ya sauya abin da ya riga ya faru, na'urar da take hana mutuwa, da duniyar gaba da babu ambaton Ubangiji a cikinta. A ganinsu, matashin da bai gama ƙarfi a ilimin addini ba yana iya ɗaukar waɗannan a matsayin abin da zai yiwu, su taɓa imaninsa da ƙaddara da gaibu. Wannan damuwa ce ta gaske ga mai ita, kuma marubucin da ya yi watsi da ita a Kano ya yi watsi da masu saye.

Masu goyon baya suna cewa waɗancan jigogi zaɓin wasu marubuta ne, nau'in bai wajabta su ba. Suna kuma tunatar da cewa mafi yawan labaran da ke nuna mutum yana ƙoƙarin wuce iyakarsa da ilimi, da halakarsa suke ƙarewa, wato gargaɗi ne a kan girman kai. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, al'ummar da ta karɓi labaran bokaye da tsafi da auren aljanu a matsayin nishaɗi shekara da shekaru, da wuya ta ce labarin yarinyar da ta haɗa na'urar tace ruwa ne ya fi haɗari. Ga su, amfanin nau'in shi ne yana saba wa matashi tambayar ta yaya abu yake aiki, wadda ita ce tambayar da malamin kimiyya yake fama ya dasa a aji.

Akwai wani ra'ayi na uku da ba na addini ba, na malamai da iyayen da jarrabawa ta dame su. Su a wajensu matsalar lokaci ce: ɗalibin da WAEC da NECO da JAMB suke gabansa, kowane awa da ya ba ƙagaggen labari ya cire shi ne daga karatun da za a tambaye shi. Malaman harshe sukan mayar da martani cewa ɗalibin da ya saba karanta dogon labari don daɗi shi ne wanda ba ya gajiya da dogon rubutu a ɗakin jarrabawa.

Su kansu matasan, abin da suke nunawa a aikace ya fi abin da ake faɗa a madadinsu bayyana. Suna kallon fina-finan sararin samaniya da na mutum-mutumi, na Amurka da na Indiya, har da waɗanda aka fassara da Hausa, suna kuma bin dogayen labarai a waya babi-babi. Sha'awar tana nan ke nan. Ƙorafinsu a kan abin da ake rubuta musu shi ne wa'azi ya yi yawa, kuma tun shafin farko ake gane darasin da marubuci yake son cusawa. A kan 'yan labaran kimiyya na Hausa da suke cin karo da su kuwa, masu lura a cikinsu suna cewa sau da yawa almara ce aka sauya wa riga, an cire aljani an sa na'ura, amma na'urar tana yin duk abin da marubuci ya ga dama ba tare da ƙa'ida ba. Wannan sukar tana da nauyi, domin ta nuna marubucin wannan nau'i yana buƙatar ya yi bincike kafin ya ɗauki alƙalami. Abin rubutawa kuwa bai yi ƙaranci ba. Tafkin Chadi ya janye ƙwarai daga yadda yake a shekarun 1960, hamada tana matsowa, noman rani na Kano ya dogara da madatsar Tiga, Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam na farko tun 2003, kuma a kasuwar waya ta Farm Centre akwai samari da suke warware na'urorin da ba a taɓa koya musu a aji ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a gina labarin Kano ta shekara hamsin masu zuwa a kansa.

Dalilin tsada

Farashin littafin hotuna yana da dalilai da za a iya lissafawa. Littafin hikaya na kasuwa ana buga shi da baƙin tawada kawai a kan takarda mai araha. Littafin hotuna yana buƙatar launi huɗu, kowanne da nasa farantin bugu, da takarda mai kauri wadda za ta jure hannun yaro, ga kuma ladan mai zane wanda zai iya shafe watanni a kan littafi ɗaya. Kusan duk takardar ɗab'i shigo da ita ake yi, tun da masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, farashin bugu ya bi ta. Kuɗin kowane kwafi yana sauka ne idan an buga dubbai, marubuci mai buga wa kansa kuwa ba ya iya wuce 'yan ɗaruruwa.

Gasanni ma suna da tasu rawar. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai dala 100,000, tana zagayowa kan adabin yara sau ɗaya a shekara huɗu, amma rubutun Ingilishi take karɓa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta gajerun labarai ce na mata. Marubucin Hausa da ya zaɓi rubuta wa yara ba shi da wata babbar gasa irin waɗannan da zai sa a gaba.

Abin da zai iya biyo baya

Tasirin farko na komawa Ingilishi zai fi bayyana a kan masu buga littafi, domin makaranta ce babbar mai saye, kuma idan ta rage neman littattafan Hausa na ƙananan azuzuwa, ɗan ƙwarin gwiwar da tsarin 2022 ya ba marubuta zai ragu. Wani ɓangare mai yawa na littattafan koyon karatu da Hausa a shekarun baya ya fito ne daga shirye-shiryen tallafi, kamar Mu Karanta da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi a Bauchi da Sakkwato, ita kuma an rufe ta a 2025. Masu goyon bayan sabon matakin suna cewa yaron da ya saba da Ingilishi da wuri zai sami damar shiga taskar littattafai mafi girma, har da dubban labaran kimiyya. Masu adawa suna cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake ji, daga nan ya ɗauki ƙwarewar zuwa wani harshe, kuma yaron talaka da ba a Ingilishi a gidansu shi ne zai fi shan wahala.

Ga iyalan da ke da hali, sauyin ba zai yi yawa ba, za su ci gaba da sayen na Ingilishi. Ga sauran, zaɓin da ya rage shi ne ɗakin karatu irin na Murtala Muhammad ga wanda yake kusa, da littattafan hotuna na kyauta da ake samu da Hausa a shafukan intanet na African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya, waɗanda suke buƙatar babbar waya da data da kuma babba mai lokacin zama da yaro. Wasu daga cikinsu fassara ce daga wasu harsuna, don haka Hausarsu da zanensu ba kullum suke dacewa da Kano ba.

Nau'o'in biyu kuma suna haɗe ta wata hanya da za ta shafi kasuwa nan gaba. Matashin da zai iya bin labari mai shafi ɗari biyu da Hausa, mai cike da bayanin na'urori da taurari, yawanci shi ne wanda ya saba karatun Hausa don daɗi tun yana ƙarami. Idan yaran da suke firamare yanzu suka wuce ba tare da littafin Hausa na nishaɗi ba, marubucin labarin kimiyya da zai fito nan da shekara goma zai tarar da matasa masu son labarinsa, amma sun fi iya sauraronsa a murya ko kallonsa a waya, kuma hakan zai tura marubuta da yawa zuwa YouTube da fim maimakon maɗaba'a.